Maganin da Aka Aika Cikin Maitokondiriya: Ya Isa, Amma Me Ya Yi wa Zuciya da Sukari?

A shekarar 1994 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi a ƙasar Finland kan maza masu shan taba su 29,133. An yi shekaru ana bai wa wasunsu beta-karotin, wasu bitamin E, wasu duka biyun, wasu kuma ƙwayar holoƙo wadda babu magani a cikinta. Fatan masu binciken shi ne waɗannan sinadarai za su kare huhu. Sai ga shi waɗanda suka sha beta-karotin sun fi sauran kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. Bayan shekara biyu aka dakatar da makamancinsa a Amurka kafin wa'adinsa, saboda an ga irin wannan illa. Da aka juya ga zuciya ma ba a ji daɗi ba. Gwajin HOPE na 2000 ya bai wa dubban masu haɗarin ciwon zuciya bitamin E, ba a ga amfani ba, kuma da aka ci gaba da bibiyar su, a rahoton da ya fito a 2005, sai aka tarar gazawar zuciya ta ɗan fi yawa a cikin masu shan bitamin ɗin. A Birtaniya, mutum 20,536 suka yi shekara biyar a gwajin bitamin E da C da beta-karotin a haɗe, sakamakon ya fito a 2002. Bai rage mutuwa ba, bai rage toshewar jijiyar zuciya ba, bai rage shanyewar ɓarin jiki ba.

Wannan ya girgiza masana, domin tunanin da aka gina gwaje-gwajen a kansa ba na banza ba ne. Tun 1956 wani masani Ba'amurke, Denham Harman, ya kawo ra'ayin cewa wasu ɓurɓushin iskar oksijin masu saurin cin duk abin da suka taɓa su ne ke lalata ƙwayoyin jiki a hankali, har a kai ga tsufa da cututtukansa. Antioksidan kuwa, irin su beta-karotin da bitamin E da C ɗin nan, su ne sinadaran da ke kashe kaifin waɗannan ɓurɓushi. A kwalbar gwaji suna yi, babu tantama. To me ya hana su yi a jikin mutum?

Amsa biyu aka bayar. Wasu suka ce tunanin ne gurgu tun daga tushe. Wasu kuma suka ce tunanin yana nan daram, maganin ne bai isa inda ɓarnar take ba. Daga wannan amsa ta biyu aka haifi fagen da nake so mu duba.

A cikin kusan kowace ƙwayar jikinmu akwai wasu 'yan ƙananan ɗakuna da ake kira maitokondiriya. A nan ake ƙone abin da muka ci da iskar da muka shaƙa, a fitar da sinadarin ATP, wanda da shi tsoka ke motsi, ƙwaƙwalwa ke tunani, ƙoda ke tace jini. Babu gaɓar da ta dogara da su kamar zuciya. Tana bugawa kusan sau 100,000 a yini, ba hutu, kuma ATP ɗin da take da shi a ajiye ba zai ɗauke ta fiye da 'yan daƙiƙoƙi ba, dole a riƙa ƙera sabo nan take. Shi ya sa kusan kashi ɗaya cikin uku na cikin kowace ƙwayar tsokar zuciya maitokondiriya ne suka cike shi.

Wurin kamar maƙera yake: matuƙar ana hura wuta, tartsatsi sai ya tashi. A jikin tantanin ciki na maitokondiriya akwai jerin manyan sunadarai huɗu, kamar tashoshi, da ke miƙa wa juna ilektiron, wato 'yar ƙwayar lantarki, har a danƙa shi ga oksijin a ƙarshe a samu ruwa. Wani lokaci ilektiron yakan suɓuce a hanya, musamman a tasha ta ɗaya da ta uku, ya faɗa kan oksijin kafin lokaci, sai a samu sufaroksaid. Shi ne tartsatsin. Jiki ya san da shi, ya kuma tanadi masu kashe shi a nan cikin ɗakin. Muhimmancin wannan tanadi ya fito fili a 1995, lokacin da aka samar da ɓerayen da aka cire musu sinadarin da ke kawar da sufaroksaid a cikin maitokondiriya: sun mutu cikin kwana goma da haihuwa, zukatansu a buɗe, sun saki, ba ƙarfi. Bayan shekara goma, a Jami'ar Washington da ke Seattle, aka yi akasin haka. Aka ɗauki katalas, wani sinadarin kariya, aka sa ɓeraye su riƙa ƙera shi a wurare daban-daban na ƙwayar jiki. Waɗanda aka kai musu shi cikin maitokondiriya sun ƙara kusan wata biyar a kan tsawon rayuwar 'yan uwansu, zukatansu kuma suka jinkirta tsufa. Waɗanda aka kai musu shi wasu sassan ba su sami abin kirki ba. Gaskiya ne cewa gwaje-gwaje da dama na ƙara wa ɓeraye wasu sinadaran kariya ba su tsawaita rayuwa ba, amma wannan ɗaya ya isa ya nuna cewa inda aka ajiye kariyar yana da tasiri.

Saura yadda za a shigar da magani ciki, kuma a nan ne dabarar ta burge ni ƙwarai. Maitokondiriya na da wata siffa da babu wani sashe na ƙwayar jiki da ke da irinta: cikinsa na ɗauke da cajin lantarki nagatif mai ƙarfi, tsakanin milibolt 150 zuwa 180. Da wannan cajin ne ma ake ƙera ATP, kamar yadda Peter Mitchell na Ingila ya bayyana a 1961, bayanin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1978. A ƙarshen shekarun 1960 Vladimir Skulachev da abokan aikinsa a Mosko suka nuna cewa wasu sinadarai masu cajin fozitif, waɗanda kuma ke iya ratsa maiƙo, suna kutsawa ta tantanin su taru a ciki, don cajin yana jan su. Lissafin a bayyane yake: duk milibolt 60 ko kusa da haka yana ninka taruwar sau goma. Idan aka haɗa ja na tantanin ƙwayar jiki da na maitokondiriya, sai abin da ke ciki ya ninka abin da ke waje sau ɗaruruwa.

A ƙarshen shekarun 1990, Michael Murphy da Robin Smith a Jami'ar Otago ta ƙasar New Zealand suka ɗauki irin wannan sinadari mai caji suka ɗaura masa kan yubikwinon, wato ɓangaren da ke aiki a sinadarin CoQ10, wani antioksidan da jiki ke ƙerawa da kansa, da wata sarƙa mai ƙwayar kabon goma. Suka sa masa suna MitoQ. Yana shiga, ya maƙale a tantanin ciki, ya tare ɓarnar da ake yi wa maiƙon tantanin, sannan tasha ta biyu ta jerin nan ta sake mayar da shi sabo, ya koma aiki. Skulachev shi ma ya ƙera nasa, SkQ1, wanda aka amince da shi a Rasha a matsayin maganin ɗigawa na bushewar ido.

Akwai hanya ta biyu da ba ta dogara da caji sosai ba. Hazel Szeto da Peter Schiller sun gano wani ɗan guntun sunadari mai gaɓa huɗu kacal, wanda aka fara kira SS-31, daga baya elamipretide. Shi abin da yake nema wani maiƙo ne na musamman, kadiyolifin, wanda kusan ba a samun sa ko'ina a jikin mutum sai a tantanin ciki na maitokondiriya. Kadiyolifin ne ke riƙe lanƙwasar tantanin, ya kuma ɗaure jerin tashoshin nan kusa da juna. Da farko an ɗauki elamipretide a matsayin antioksidan. Yanzu masana sun fi karkata ga cewa gyara zaman tantanin yake yi, sai suɓucewar ilektiron ta ragu tun daga tushe. Wannan bambanci zai yi mana amfani nan gaba.

A dabbobi an ga abin mamaki, kuma ba sau ɗaya ba. A Glasgow, a 2009, MitoQ ya rage hawan jini da kumburin zuciya a ɓerayen da ke gadon hawan jini. A Detroit, a 2016, elamipretide ya ƙara ƙarfin bugun zuciya a karnuka masu gazawar zuciya. Ɓerayen da aka ɗura wa kitse, waɗanda aka toshe wa jijiyar zuciya aka buɗe, tsofaffin da jijiyoyinsu suka sandare, duk an sami rahotannin sauƙi.

A mutane kuwa labarin gajere ne.

Gwajin da aka fi ambata shi ne na Jami'ar Colorado da ke Boulder, wanda ya fito a 2018. Mutum 20 ne, masu shekara 60 zuwa 79, lafiyayyu, sai dai jijiyoyin jininsu sun fara gajiya. Kowannensu ya sha miligiram 20 na MitoQ kullum har mako shida, ya kuma sha ƙwayar holoƙo na wani mako shida, ba tare da shi ko mai auna shi sun san wanne ne wanne ba. Ga yadda ake awon: mutum zai kwanta, a ɗaura masa robar awon jini a hannu, a hura ta har jini ya tsaya na minti biyar, sannan a sake ta gaba ɗaya. Jini zai kwararo da ƙarfi, mai awo kuma yana riƙe da na'urar sikanin a kan jijiyar damtse yana kallon yadda take buɗewa. Lafiyayyar jijiya tana sakin iskar naitirik oksaid ta faɗaɗa. Sufaroksaid kuwa cinye wannan iska yake yi, don haka idan ya yi yawa jijiyar ba ta buɗewa sosai. Bayan makonnin MitoQ, buɗewar ta fi ta makonnin holoƙo da kashi 42 cikin ɗari. An kuma ga raguwar kitsen LDL da ya lalace a jini, da ɗan sassaucin taurin babbar jijiya a wurin waɗanda tasu ta riga ta yi tauri.

Aiki ne mai tsabta, kuma ya dace da abin da ilimin ya yi hasashe. Amma a lura da abu biyu. Duk waɗanda aka ɗauka buɗewar jijiyarsu ba ta kai kashi 6 cikin ɗari ba tun farko, saboda haka 42 ɗin nan kaso ne na wata 'yar ƙaramar lamba. Na biyu, wanda ya fi nauyi: buɗewar jijiyar damtse alama ce, ba ita ce lafiyar ba. Likitocin zuciya sun sha wuya a hannun alamu. A 1989 aka dakatar da wani ɓangare na gwajin CAST, inda magunguna biyu suka gyara tsallen bugun zuciya tsaf a takardar awo, amma masu shan su suka fi mutuwa fiye da ninki biyu. Tun daga nan duk likitan da ya san tarihin sana'arsa ba ya yarda da magani sai an ƙirga masa waɗanda suka kwanta asibiti da waɗanda suka rasu. Babu ko gwaji ɗaya na MitoQ da ya yi wannan ƙirgen.

Elamipretide shi an kai shi gaban masu ciwon zuciya na gaske. A gwajin EMBRACE, wanda ya fito a 2016, an ɗura shi ta jijiya ga waɗanda babbar jijiyar zuciyarsu ta toshe, daidai lokacin da ake buɗe ta. Girman tsokar da ta mutu bai ragu ba. A gwajin PROGRESS-HF na 2020, masu gazawar zuciya 71 suka karɓi allura kullum har mako huɗu, hoton zuciya bai nuna canji ba. Aka gwada shi kan mutum 218 masu ciwon tsoka na gado da ya samo asali daga maitokondiriya, nan ma bai ƙara musu nisan tafiya ba. MitoQ kansa an gwada shi shekara guda kan masu cutar Parkinson 128, bai rage saurin cutar ba.

Me ya sa abin da ya yi a karnuka da ɓeraye ya ƙi yi a mutane? Wani bincike na Cambridge da ya fito a 2014, wanda Murphy ɗin nan yana cikin jagororinsa, ya haska wani ɓangare na amsar. Lokacin da jini ya yanke wa tsokar zuciya, wani sinadari mai suna saksinet yana taruwa a cikinta. Da zarar an buɗe jijiya oksijin ya dawo, sai a ƙone shi cikin 'yan mintoci, da ƙarfin da ke tura ilektiron baya ta tasha ta ɗaya, sufaroksaid ya tashi tuli guda. Ɓarnar ta mintocin farko ce. A ɗakin gwaji mai bincike shi ke toshe jijiyar da hannunsa, ya san minti, yana iya ba da magani tun kafin. Mara lafiya kuwa yana iso asibiti bayan sa'o'i, jijiyar da za ta kai maganin wurin ita ce a toshe, ga shekaru, ga sukari, ga hawan jini, ga wasu magunguna da yake sha. Ɓeran gwaji yawanci matashi ne mai ciwo ɗaya tak wanda aka ɗora masa jiya.

Ɓangaren sukari ya fi wannan sarƙaƙiya. A 2001 Michael Brownlee na New York ya kawo bayanin da ya yi tasiri sosai: idan sukari ya yi yawa a ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin jijiyoyin jini, maitokondiriya na cika da makamashi fiye da bukata, sufaroksaid ya ƙaru, daga nan hanyoyin da ke lalata ido da ƙoda da jijiyoyi su buɗe. A 2009 wasu masu bincike a North Carolina suka nuna cewa SS-31 ya hana ɓerayen da ake ciyarwa da kitse zama masu taurin jin insulin, sinadarin da ke saukar da sukarin jini. Idan aka tsaya nan, sai a ce an gama.

Amma a wannan shekarar dai, Michael Ristow na Jami'ar Jena ta Jamus ya sa samari 39 motsa jiki na mako huɗu. Rabinsu suna shan miligiram 1,000 na bitamin C da kuma bitamin E kullum, rabi ba sa sha. Waɗanda ba su sha ba jikinsu ya ƙara jin insulin, kamar yadda aka saba gani bayan motsa jiki. Waɗanda suka sha, wannan riba ta ɓace musu. Fassarar ita ce ɓurɓushin oksijin da tsoka ke fitarwa lokacin aiki saƙo ne, shi ke gaya wa ƙwayar jiki ta ƙara maitokondiriya, ta ƙara nata sinadaran kariya. Shi kansa insulin yana amfani da ɗan haidirojin feroksaid, wanda shi ma cikin waɗannan ɓurɓushi yake, wajen isar da umarninsa cikin ƙwaya. Abin da ake farauta a matsayin maƙiyi, a ƙaramin adadi kuma na ɗan lokaci, ma'aikaci ne. Ƙananan gwaje-gwajen da aka haɗa MitoQ da motsa jiki ba su nuna irin wannan cikas ba, kuma wannan abin ƙarfafa gwiwa ne, sai dai na 'yan makonni ne a kan mutane kaɗan.

A 2022 wasu masana a Ostareliya suka tattara duk gwaje-gwajen da aka yi wa mutane da irin waɗannan magunguna, suka sami 19, mahalartansu duka ba su kai 900 ba. Abin da ya fito da ɗan haske shi ne buɗewar jijiyar damtse. A kan sukarin jini da hawan jini da sauran ma'aunai ba a ga tasiri tabbatacce ba, kuma su da kansu sun ce ƙarfin hujjar rarrauna ne. A kwatanta da gwaji ɗaya na maganin dapagliflozin a 2019, wanda ya ɗauki masu gazawar zuciya 4,744 ya nuna raguwar taɓarɓarewar ciwon ko mutuwa da kashi 26 cikin ɗari. Shi kansa tsohon CoQ10, wanda ba ya shiga maitokondiriya da sauƙi, yana da gwajin 2014 na mutum 420 da ya nuna raguwar manyan matsalolin zuciya cikin shekara biyu, amma har yau likitoci na jiran babban gwajin da zai tabbatar da shi kafin su mai da shi ka'ida. Idan wannan bai wadatar ba, mutum 20 na mako shida ba za su wadatar ba.

Wannan ne ya sa nake damuwa da yadda ake tallar MitoQ a intanet a matsayin ƙarin abinci. Dokar Amurka ta 1994 ba ta tilasta wa mai sayar da ƙarin abinci ya tabbatar da cewa kayansa na warkarwa kafin ya kai kasuwa ba, ƙasashe da yawa ma haka suke. A gwaje-gwaje, abin da aka fi gani na illa shi ne tashin zuciya da amai idan adadin ya yi yawa, kuma an sha shi har shekara guda ba a ga wata babbar matsala ba. Amma sinadari ne da aka ƙera don ya taru ninki ɗaruruwa a wuri mafi laushi na ƙwayar jiki, kuma a kwalbar gwaji an ga yawansa na kumbura maitokondiriyan ƙwayoyin ƙoda. Babbar illar da nake tsoro ma ba ta cikin kwalbar. Ita ce mai hawan jini ko mai ciwon sukari ya sassauta da maganin da aka tabbatar yana hana shanyewar jiki da mutuwar ƙoda, don ya ji an ce ga wanda ke gyara ciwon daga tushe. Wanda ke son gwadawa ya gaya wa likitansa, kuma kada ya ajiye ko ƙwaya ɗaya daga cikin waɗanda aka rubuta masa.

Duk da haka ban ɗauki fagen a matsayin wanda ya mutu ba, kuma dalilina cutar Barth ce. Cuta ce ta gado da ba kasafai ake samun ta ba, kusan yara maza kaɗai take kamawa, wani likitan Holan, Peter Barth, ya bayyana ta a 1983. Matsalarta guda ce kuma an san ta: ƙwayar gadon da ke kammala ƙera kadiyolifin ce ta lalace. Yaran na tasowa da raunin zuciya da na tsoka da gajiya mai tsanani, da yawa ba sa wuce ƙuruciya. An gwada elamipretide kan marasa lafiya 12. A zagayen farko na makonni 12 bai cika ma'aunin da aka gindaya ba, amma waɗanda suka ci gaba da karɓar sa shekaru sun nuna ƙarin ƙarfin tsoka. Bayan doguwar ja-in-ja, a watan Satumban 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba shi amincewar gaggawa ga masu cutar da nauyinsu ya kai kilo 30, bisa sharaɗin a yi wani gwajin da zai tabbatar da amfaninsa.

Hujjar siririya ce, masana kuma sun rabu a kanta. Amma a dubi inda ƙofar ta fara buɗewa: cutar da aka san ainihin abin da ya lalace a cikinta, da maganin da ke kama daidai wannan abin, wanda kuma mai yiwuwa ba ta hanyar share ɓurɓushin oksijin yake aiki ba. Gazawar zuciya da ciwon sukari na manya ba haka suke ba. Mutum goma masu suna ɗaya na ciwo na iya zama da dalilai goma, kuma wataƙila biyu ko uku ne kawai a cikinsu maitokondiriya ke jan ragamar ciwonsu. Likita na auna hawan jini kafin ya ba da maganinsa, ya sake aunawa ya ga ko ya sauka. A asibiti yau babu awon da zai nuna masa yawan sufaroksaid da ke tashi a maitokondiriyan zuciyar mai rai. Saboda haka masu gwaji ba sa iya zaɓo waɗanda suka fi bukatar maganin, ba sa iya daidaita adadinsa, kuma idan gwaji ya faɗi ba sa iya rarrabe ko maganin ne bai kai ba, ko ya kai bai yi ba, ko kuwa ya wuce gona da iri ya toshe saƙon da ƙwayar ke bukata. Samar da wannan awo, sannan a yi gwaji na shekaru kan dubban mutanen da aka zaɓa da shi, shi ne aikin da ke gaban masu binciken yanzu.